Faifan garmaho, CD ko waya: wanne ya fi fitar da sauti, wanne ya cancanci kuɗina?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwati cike da faya-fayen garmaho, wasu na su Shata, wasu na Yarbawa da Turawa. Ni kuma ina da faya-fayen CD da na tara tun ina makaranta. Ƙanina ya ce in zubar da tarkacen nan, komai na cikin waya. Wani abokina da ya yi karatu a Ingila kuma ya ce Turawa sun koma garmaho, wai ya fi komai fitar da sauti. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? In zan kashe kuɗi, a kan wanne zan kashe?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Akwatin nan kada ka zubar, kada kuma ka bar shi inda rana ke dukansa. Dalili na tafe.

In na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa wuri guda. Ɗaya ita ce wanne a cikin ukun ya fi dawo da sauti yadda aka ɗauke shi a sitidiyo. Wannan tana da tsayayyiyar amsa, domin abu ne da ake aunawa da na'ura. Ɗayar kuma ita ce wanne mutum ya fi jin daɗin zama da shi, wannan kuwa babu na'urar da ke auna ta. Yawancin gardamar da ake tafkawa a kan batun nan daga nan take tashi: mutum ya amsa ta biyu, yana rantsuwa ta farko ya amsa. Ni da aikin sauti nake cin abinci, ɗaukar murya da haɗa kiɗa da kwashe tsoffin kaset da faya-faye zuwa kwamfuta, saboda haka a ta farkon bakina ya fi ƙarfi.

Yadda kowanne ke riƙe sauti

Faifan garmaho zane ne a jikin roba. An yi wata siririyar tsaga da ke zagayawa daga bakin faifai har tsakiya, tana karkace-karkace daidai da yadda sauti ya kaɗa iska. Allura ta bi tsagar tana rawa, a mayar da rawar tata wutar lantarki, a ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar. Babban faifan da ake yayi yanzu, mai faɗin inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti, kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948, kowane gefe na ɗaukar kamar minti 22. Da shekara ta zagayo RCA ya kawo ƙaramin mai juyi 45, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya.

Tunda aikin gogayya ne, akwai abin da faifai ba zai taɓa kuɓuce masa ba. Duk ƙurar da ta faɗa tsagar, allura za ta karanta ta, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Sannan juyin faifai ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma da'irar ƙanƙancewa take yi. A baki, tsagar na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kamar santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa 20 ne da 'yar ɗoriya. Wato waƙar ƙarshe a kowane gefe an cusa ta ne a filin da bai kai rabin na ta farko ba, shi ya sa siririn sauti irin kaifin algaita ke dusashewa a can, ko ya riƙa karce kunne. Masu yanka faifai sun san haka, sukan ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshe. Kauri ma da tasa matsalar: in aka saki kaurin ganga yadda yake, allura tsalle za ta yi ta bar layi, dole a rage shi kafin a yanka. Tazarar da faifai mai kyau ke iya riƙewa tsakanin sauti mafi laushi da mafi ƙarfi ba ta cika wuce desibel 70 ba, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Duk sawa ɗaya kuma, allura na ɗan cin jikinsa.

CD kuwa lissafi ne. Sony da Philips suka haɗa kai, ya fara shiga kasuwa a Japan a Oktoban 1982. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba, haske ya karanta ba tare da wani abu ya taɓa faifan ba. Za ka ji masoya garmaho na cewa ai an daddatsa sautin, abin da ke tsakanin awo da awo ya salwanta. Lissafin ba haka yake ba. Awo 44,100 ya isa a dawo da duk wata kaɗawa da ba ta kai 22,050 a daƙiƙa ba, cif yadda take, kunnen ɗan Adam kuwa a 20,000 yake tsayawa, shi ma na yaro. Wanda ya ba arba'in baya, in ya ji 15,000 sai ya gode wa Allah. Tazarar laushi da ƙarfi a CD ta kai desibel 96, babu ƙas-ƙas, waƙar ƙarshe da ta farko duk ɗaya, minti 74 zuwa 80 ba tashi juyawa.

Sauraro ta intanet shi hanyar isarwa ce kawai. Irin lambobin nan dai na CD ake aiko maka, sai dai yawanci an matse su don kada su cinye data. Da kilobit ake auna yawan lambobin da ke zuwa: CD na zubo kilobit 1,411 a daƙiƙa, manhajar sauraro ta Spotify na ba mai biya har 320 a matse, na kyauta kuma bai wuce 160 ba. Matsewar da dabara ake yinta: ana jefar da abin da wani sauti mai ƙarfi ya riga ya danne, wanda kunne ba zai lura da rashinsa ba. Daga 2021 Apple Music ya fara bayar da marar matsi, Spotify ya bi sahu a 2025. A sitidiyo nakan gwada abokan aiki: in sa waƙa ɗaya a 320 da kuma asalinta, in daidaita ƙarfinsu, in hana su kallon allo. Har waɗanda nake girmama kunnensu canke suke komawa yi. A 96 ko 128 kam ana ganewa, musamman a kan tafi da caki da duk wani sauti mai yaji.

To in awo za a bi, CD da marar matsi na intanet kunnen doki suke a gaba, na 320 na dab da su, garmaho na baya. A nan abokinka bai yi daidai ba.

Amma kunnensa bai yi masa ƙarya ba

Sau da yawa wanda ya ce garmaho ya fi masa daɗi, da gaske ya ji bambanci. Sai dai ya jingina shi inda ba nan yake ba.

Babban dalili shi ne mastarin, gyaran ƙarshe da ake yi wa waƙa kafin a buga. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, kowa na so tasa waƙar ta fi ta maƙwabci amo a rediyo da cikin mota. Yadda ake yi shi ne a danne ƙololuwar sauti a ɗago na ƙasa, har komai ya zama bai ɗaya, bugun ganga ya rasa naushinsa, kunne ya gaji kafin waƙa uku. CD na jure wannan zalunci, faifan garmaho ba ya jurewa sosai, allura ba za ta yarda ba. Saboda haka albam ɗaya sai a yi masa gyara biyu, na CD a danne, na garmaho da sarari. Mai sauraro ya kwatanta, ya ce roba ta fi, alhali hannun injiniya ya ji. Mu ma nan da namu ciwon. Mawaƙi ya zo karɓar aiki, a lasifikar waya zai gwada, in ba ta yi ƙarar ta wane ba ya ce a ƙara wuta. Ka ƙi, gobe wani sitidiyon zai tafi. Abin da ya fara kawo sauƙi shi ne yanzu manyan manhajojin sauraro kan daidaita ƙarfin waƙoƙi da kansu, wadda ta cika ƙara a rage mata, don haka ribar dannewar ta ragu.

Ɗumin da ake faɗa shi ma gaskiya ne, amma ƙari ne daga kayan. Allura da tsaga kan ɗan tausasa siririn sauti, su ƙara wani kauri-kauri a tsakiya, kunnuwa da yawa kuma na son haka. Babu laifi a so shi, in dai ba a ce shi ne abin da mawaƙi ya rera ba.

Sai kayan ji. Wanda ya sayi garmaho ya sayi amfilifaya da manyan lasifikoki, ya zaɓi inda zai zauna. Waya kuwa ta 'yar ƙofar da ke gindinta ake jin ta, ko ta ƙaramar lasifikar bulutut, wanda shi ma sake matse sautin yake yi. Ka jona wayar nan da kebul a jikin waccan amfilifayar, rabin gardamar ta mutu.

Akwai abin da ya faru a Amurka a 2022 da ya kamata abokin naka ya ji. Kamfanin Mobile Fidelity ya shahara da buga faya-fayen garmaho masu tsada, wasu sama da dala 100, masu saye na yabonsu a kan cewa tsantsar sautin tef ne, wato zaren asali da aka ɗauki waƙar a kai a sitidiyo, da kwamfuta ba ta taɓa ba. Sai ta bayyana an yi shekaru ana fara kwashe tef ɗin zuwa lambobi kafin a yanka faifan. Aka kai ƙara, aka sasanta da biyan diyya. Ni ba shari'ar ce ta dame ni ba. Duk tsawon shekarun nan manyan masu kunne na ta yabo, kuma ba kunne ne ya tona asirin ba, magana ce ta fita. Yau kusan duk sabuwar waƙa a kwamfuta ake ɗaukarta, faifan garmahonta ma daga fayil aka yanko shi.

Shin Turawa sun koma garmaho?

Wasu sun koma, amma a ɗora abin a sikeli. Ƙungiyar kamfanonin faya-faye ta Amurka, RIAA, ta ce a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41, CD miliyan 33, karon farko tun 1987 da garmaho ya fi CD yawa. Labari ne mai daɗin bugawa. Sai dai a shekarar 2000 CD kaɗai an fitar da fiye da miliyan 900 a ƙasar. Garmaho ya ɗan hau, amma CD ne ya faɗo ya same shi. A 2022 ɗin nan dai, kashi 84 cikin 100 na kuɗin da harkar ta samu a Amurka daga sauraro ta intanet ya fito. Mai tara faifan ma in ya shiga mota wayarsa yake kunnawa.

Wani rahoto da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna rabin waɗanda suka sayi faifan garmaho a Amurka ba su da na'urar sa shi. Ka ga waɗannan ba sauti suka saya ba. Sun sayi babban hoton bango, da takardar baitoci, da abin jinginawa a ɗaki baƙo ya gani ya san gwaninka, da kuma jin cewa sun sa wa mawaƙin da suke so wani abu a aljihu. Kamfanoni sun gano lagon, shi ya sa albam ɗaya ake buga shi kala huɗu ko biyar, masoyi ya kwashe duka.

Wanda ke sawa da gaske kuwa, zaman yake so. Kamar mai dafa shayi ne a kan gawayi, na farko da na biyu da na uku, alhali ga mai shayi a bakin titi da zai haɗa masa cikin minti biyu. Ka zaro faifai, ka goge, ka ɗora allura, minti 22 ba tsallake waƙa, ba saƙon da zai shigo ya katse ka, ka tashi ka juya. Waƙar da aka ba hankali haka dole ta fi wadda ake ji ana duba WhatsApp shiga rai. Dalili ne mai ƙarfi, ni ban raina shi ba.

CD ma ba ko'ina ya mutu ba. A Japan har 2023 faya-faye ne ke kawo fiye da rabin kuɗin harkar, katafaren shagon Tower Records na unguwar Shibuya a Tokyo na nan a buɗe, alhali na Amurka sun rufe tun 2006. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Namu tarihin daban ne

A ƙasar Hausa garmaho bai taɓa zama na kowa ba. Kamfanoni irin su EMI da Decca a Legas suke, kasuwarsu ta fi ƙarfi a kudu, duk da sun buga wasu mawaƙanmu, Shata na ciki. Na'urar kuma sai gidan ma'aikaci ko attajiri ko mai otal. Talaka a rediyo ya san mawaƙansa, kuma kaso mai yawa na abin da ya rage mana na su Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya a gidajen rediyo aka ɗauka, ko a fada da wurin biki. Tsayin waƙarmu ma bai dace da ƙaramin faifai ba. Makaɗin da zai yi rabin awa yana jero zuri'ar mutum ɗaya, ina zai shiga a gefen da bai wuce minti uku ko huɗu ba?

Kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya zama namu na gaskiya. Yana aiki da batir, yana jure ƙura da jijjigar mota, in ya tsinke a liƙa, kowa na iya kwafa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar da kaset ke fita zuwa Nijar da Kamaru da Chadi da Gana. Da CD ya zo, mafi yawansa ba irin wanda na bayyana a sama ba ne. Ko na bidiyo ne, ko kuma faifan da babu komai aka saya aka ƙona masa waƙoƙi ɗari da wani abu a matse. Daga nan sai memori da masu tura waƙa a kasuwannin waya irin Farm Centre, sai Boomplay da ya zo a 2015 cikin wayoyin Tecno, sai Audiomack da YouTube. Spotify bai shigo Nijeriya ba sai Fabrairun 2021.

Na kawo wannan ne don ka duba naka CD ɗin da kyau. Juya cikinsa. In azurfa ne fes, da lambobin masana'anta a zoben tsakiya, bugun kamfani ne, in ba a karce shi ba zai yi shekaru masu yawa yana aiki. In ya ja zuwa kore ko shuɗi, na ƙonawa ne, rini ne ke riƙe da waƙar, zafi da hasken rana kuma na kashe rinin. Irin waɗannan ake yawan kawo mini sun riga sun daina karantuwa. Kwashe su tun yanzu.

Haka maganar ƙaninka cewa komai na cikin waya. Na sabbin mawaƙa, e. Na tsoffi kuwa, abin da ke intanet yawanci kaset ne aka kwafa daga kaset, aka matse, aka tura ta waya ba adadi, wani ya ɗora da sunan da ya ga dama. Za ka tarar an yanke farkon waƙa, ko gudunta ya ƙaru saboda rikodar da aka kwasa da ita, har muryar Shata ta sirance, kaurin kalangu ya ɓace. Biyan manhaja mafi tsada ba zai gyara wannan ba, abin da aka ɗora ke nan. A irin wannan hali, faifan da kamfani ya buga kai tsaye daga tef na asali zai iya fin duk wani kwafi da ke yawo. Nan kam abokinka ya ci gardama, ko da ba ta hanyar da ya zata ba.

Mutanen waje sun daɗe da sanin darajar irin kayan nan. Kamfanoni irin su Soundway na Ingila da Analog Africa na Jamus sun yi shekaru suna bin kasuwanni da ɗakunan ajiya a Afirka ta Yamma, suna sake buga abin da suka tono. Mamman Sani na Nijar a kaset ya ɗauki kiɗan ogan ɗinsa a 1978, aka daɗe ana jin sa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasar, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifan garmaho.

Akwatin Baba

Fara da rarraba su. Masu nauyi da tauri da aka rubuta 78 a jiki ba roba ba ne, wani irin ƙaro ne. In ya faɗi ya fashe, in sifirit ya taɓa shi ya narke, allurarsa ma daban ce, ta fi kauri. Masu 33 da 45 su ne roba, kuma kada a kuskura a ɗora su a tsohon garmaho na wanawa da hannu mai allurar ƙarfe, sawa ɗaya ta isa ta kashe faifai. A jera su a tsaye, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kwano da bangon da rana ke duka. Zafin Afrilu a cikin but ɗin mota na iya lanƙwasa faifai cikin yini guda, in ya lanƙwashe kuwa da wuya ya dawo daidai. Da hunturu robar na jan ƙura saboda bushewar iska. Wanki sai da tataccen ruwa, marar asid, irin wanda ake ƙara wa batir, da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen tsaga, ba a jiƙa takardar tsakiya.

Sannan a nemi mai kayan aiki ya kwashe su zuwa kwamfuta ba matsi, WAV ko FLAC, a ɗauki hoton bango da takardar tsakiya, domin nan sunan kamfani da lambar faifai suke. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Tunda a Zariya kake, na Hausar ya kamata ka nuna wa malaman Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello, ko na Gidan Arewa a Kaduna, ta yiwu wata waƙar ba ta saura a hannun kowa ba. Maganar daraja a kasuwa kuwa sai an ga faifai ido da ido, domin karce ɗaya na iya raba farashi biyu. In wani ya zo da saurin taya akwatin gaba ɗaya, kada ka sallama sai ka duba kowane faifai a shafin Discogs, inda ake nuna nawa aka sayi irinsa a baya.

Inda zan sa kuɗina

Don jin yau da kullum da gano sabbin mawaƙa, babu abin da ya kama ƙafar waya. Ka dai san haya kake yi. Ran da ka daina biya, abin da ka sauke cikin manhaja ya kulle, ran da mawaƙi ya saɓa da kamfani kuma waƙa ta ɓace. Fitaccen mawaƙi Neil Young ya janye waƙoƙinsa daga Spotify a Janairun 2022, bai mayar ba sai Maris 2024. Ga data: awa ɗaya a 320 na cin megabayit 144, a 96 kamar 43, marar matsi ya haura megabayit 300. In ta bulutut za ka ji, kunna marar matsi asarar data ce kawai.

In kuma niyyarka mawaƙi ya amfana, ka san yadda rabon yake. Ana tara kuɗin masu biya da na talla na kowace ƙasa, manhaja ta ɗebi kusan sulusi, sauran a raba gwargwadon yawan sauraro. Spotify da naira 900 a wata ya fara a Nijeriya, lokacin da Ba'amurke ke biyan kusan dala 10, saboda haka sauraro dubu daga Kano bai kai dubu daga Niyok kuɗi ba. Tun 2024 ma waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 a shekara ba, ba a biyan ko sisi a kanta a can. Mawaƙan da nake aiki da su, biki da taro da waƙar da aka sa su yi ke riƙe da su, intanet talla ce. Liƙi ɗaya a wurin wasa ya fi ka shekara kana saurarensu a waya.

Don mallaka, CD na asali shi ne garaɓasar wannan zamani. Duniya ta juya masa baya, farashinsa na hannu ya faɗi, ingancinsa kuwa na nan. Tsohuwar na'urar DVD ma na karanta shi, kuma kana iya kwashe shi zuwa waya ba tare da ko ɗigo ya ragu ba. Naka na bugun kamfani ka riƙe su.

Sabon faifan garmaho kuwa, ba na ba mai albashin naira shawarar ya fara tarawa. Ɗaya na kai dala 25 zuwa 40 kafin kuɗin jirgi, kuma yawanci daga waje za a kawo shi, sai ɗaiɗaikun shaguna irin Jazzhole na Ikoyi a Legas. Amma kai da ka gaji akwati, sayen na'ura ɗaya mai kyau ba ɓarna ba ce. Guji 'yan ƙananan nan masu siffar jaka da lasifika a jiki, allurarsu na danna faifai da nauyin giram 5 ko fiye, alhali mai kyau giram 2 ne ko kusa da haka. Tsohuwar Technics ko Pioneer ta hannu, in an sa mata sabuwar allura, ta fi su nesa ba kusa ba. Tabbatar amfilifayarka na da ramin da aka rubuta Phono, in babu sai ka sayi ƙaramin akwatin da ke wannan aiki, in ba haka ba sautin zai fito can ƙasa-ƙasa, siriri, ba kauri. Mafi yawan kuɗin ka zuba a lasifika, domin ita za ta yi wa garmahon da CD ɗin da wayar hidima gaba ɗaya.

Ka kuma duba bayan na'urar kafin ka biya. Wadda aka yi don Amurka wutar 120 take ci, mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce mai bugu 50. Taransifoma zai gyara ƙarfin wutar amma ba zai gyara bugun ba, kuma akwai na'urorin da injinsu da bugun wuta yake auna gudunsa. Irin wannan a nan a hankali za ta riƙa juyawa, waƙa ta ja, murya ta yi kauri, haka kuma za ta riƙa yi maka wasa a kan ƙaramin janareta. Nemi wadda aka yi don Ingila ko Turai, ko wadda ke riƙe gudunta da kanta, za ka ga an rubuta Quartz a jikinta, in hali ya yi kuma ka ɗora ta a kan inbata.